Zaƙi Iri-Iri Ne: Sukari da Cikin Jariri

Jawabin da wata ma'aikaciyar jinya mai kula da awon yara ta yi wa iyalan da suka baro gidajensu suka sauka a Nima, Maamobi da Kanda, cikin birnin Accra. Mun buga shi domin na sansani da waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Iyayena mata, kakanninmu, 'yan'uwana masu goyo da masu juna biyu, da ku magidanta da kuka zauna can baya, sannunku da zuwa, sannunku da haƙuri. Na san a cikinku akwai wanda ya baro gona da rumbu, akwai wadda ta baro shanunta da ƙwaryar nononta, yau ga ku a ɗaki ɗaya na aro, komai sai an saya. Allah ya mayar muku da alheri, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.

Maganata ta yau a kan sukari ce, da abin da yake yi a cikin jariri. Na zaɓe ta ne saboda abin da nake gani a wurin awo.

Kwanakin baya wata ƙanwata cikin baƙinmu ta kawo mini ɗanta ɗan wata huɗu. Awo biyu a jere nauyinsa bai motsa ba, ga gudawa. Na tambaye ta me yake sha. Ta ce tun da suka taso daga gida hankalinta bai kwanta ba, tana ganin nononta ya ragu, sai wata maƙwabciya ta ba ta shawara ta riƙa dama masa madarar gwangwani mai kaurin nan mai zaƙi, da dare kuma ruwan sukari a bulumboti don ya yi barci. Ta ce, "Anti, ai yana sha sosai." Gaskiya ta faɗa, yana sha. Uwar ba ta da laifi, maƙwabciyar ma taimako ta nufa. Sai dai yaron yana ƙoshi da abin da ba ya gina shi, kuma duk lokacin da ya ƙoshi da ruwan sukari, ya rage tsotso, nonon ya ƙara raguwa. Mun yi sati uku muna aiki tare, muka mayar da shi kan nono, aka daina bulumboti. Yanzu ya fara hawa. Irin wannan ne ba na so ya sami ɗan kowa a nan.

To bari mu fara da sanin abin da muke magana a kai. Mu dai duk abin da ya yi zaƙi a baki sukari muke ce masa, amma jiki ya san bambancinsu. Guda huɗu zan gaya muku.

Na farko sunansa gulukos. Shi ne sukarin da ke yawo cikin jini, shi ne makamashin ƙwaƙwalwa da tsoka. Ba sai an saya ba. Tuwo, waina, koko, shinkafa, doya, rogo, burodi, duk in sun shiga ciki, hanji yana farfasa su su koma gulukos. Daga nan jiki ya fitar da wani sinadari mai suna insulin, wanda ke buɗe wa gulukos ƙofa ya shiga inda ake bukatarsa. Ku riƙe wannan: kokon da ba a sa masa komai ba, da kansa zai zama sukari a cikin yaro.

Na biyu furuktos, zaƙin 'ya'yan itatuwa da zuma. Shi hanyarsa daban ce. Yawancin aikinsa a kan hanta yake faɗawa. In kaɗan-kaɗan yake zuwa, kamar in yaro ya ci gwanda ko mangwaro, jiki yana sarrafa shi ba wahala, don zaren da ke jikin 'ya'yan itacen yana rage masa gudu, ga kuma bitamin da ya zo da shi. In kuwa ya kwararo da yawa lokaci ɗaya, kamar a lemon kwalba, hanta takan mayar da wani kaso nasa kitse ta ajiye.

Na uku sukuros, wato sukarin da muke saya a shago, na gari ko na ƙwaya. Daga rake ake yin yawancinsa. Rabinsa gulukos, rabinsa furuktos. Ba ya ɗauke da sinadarin gina jiki, ba ya ƙara jini, ba bitamin ko ɗaya. Ƙarfi ne na ɗan lokaci, kamar wutar kara.

Na huɗu laktos, sukarin nono. Wannan shi ne rabon jariri. A duk mililita 100 na nonon uwa akwai laktos kusan giram 7, ya fi na nonon saniya, wanda bai cika giram 5 ba. Zaƙinsa bai kai rabin na sukarin shago ba, shi ya sa ba ya lalata bakin yaro. Jariri yana zuwa duniya da sinadarin narkar da shi a shirye cikin hanjinsa, yana kuma taimaka masa ya ɗebi sinadarin da ke gina ƙashi. Bayan laktos, nonon uwa yana da wasu ƙananan nau'o'in sukari da jaririn ba ya narkarwa. Abincin ƙwayoyin halitta masu amfani ne da ke zaune a hanjinsa, masu tare wa cutar gudawa hanya. Ba shagon da ke sayar da wannan haɗin.

Kun ga ke nan jariri ba ya rashin sukari. An riga an auna masa nasa, an haɗa shi da mai, da abin gina jiki, da ruwa, da rigakafi. Don haka daga haihuwa zuwa wata 6, nono zalla. Ba ruwa, ko da zafin Accra ya kai inda ya kai, domin kusan kashi 9 cikin 10 na nono ruwa ne. Ba ruwan sukari, ba garin gulukos na kwali, ba shayi, ba koko. A watannin farko ma sinadarin da ke narkar da hatsi bai gama kankama a cikin jariri ba. Daƙashi kuma, nonon farko mai ruwan ɗorawa, kada a matse shi a zubar. Shi ne rigakafin farko, a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Ghana a 2008 ya nuna jarirai 63 cikin 100 'yan ƙasa da wata 6 suna shan nono zalla. Na 2022 ya nuna 53. Baya muka ci, kuma wannan ya shafi 'yan gida da baƙi baki ɗaya.

Kakanni, da ku nake yanzu, kuma da girmamawa nake. Na san zuma magani ce a wurinmu, na san ana lasa wa jariri don albarka. Amma zuma takan ɗauki ƙwayar wata cuta da hanjin babba ke iya kashewa, hanjin jariri kuwa bai iya ba. In ta kama shi, sai jikinsa ya saki, ya kasa tsotso, kukansa ya yi rauni, har numfashi ya gagara. Tafasa zumar ba ta kashe ƙwayar. Saboda haka ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara ɗaya. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba; ku ne za ku tsare mana wannan a gida, domin in kun faɗa, ana ji.

Sai maganar da ta fi damun masu goyo a cikinmu: "Nonona ya ƙafe saboda tashin hankali," ko "Ban ci na ƙoshi ba, da me zan shayar?" Ki saurare ni, 'yar'uwa. Tsoro da damuwa suna iya sa nono ya yi jinkirin saukowa na ɗan lokaci, amma ba sa hana jiki yin sa. Abin da ke kawo nono tsotso ne. Yawan tsotso, yawan nono. Ki sa shi aƙalla sau 8 zuwa 12 dare da rana, ki bari ya gama da ɗaya kafin ki juya shi, don mai maiƙon yana ƙarshe. Uwar da ba ta samun isasshen abinci ma nononta yana da amfani ga ɗanta. Ita ce ke bukatar ƙari. Maigida, in akwai ɗan kuɗin madarar gwangwani, ka saya wa uwar wake da kifi da gyaɗa, ita ta ci, yaro ya sha a jikinta. Wadda ta riga ta daina shayarwa ma, sau da yawa ana iya dawo da nonon. Ki zo mu gwada.

Ita madarar nan mai kauri mai zaƙi, fiye da rabin nauyinta sukari ne. Ta shayi ce, ta manya. Haka garin da ake zubawa a shayi ya yi fari, yawancinsa sukari ne da mai. Jaririn da ya rasa uwa, ko wanda likita ya ce ba zai sha nono ba, a kawo shi wurin ma'aikatan lafiya a duba shi, a tsara masa madarar jarirai ta ainihi, a koya wa mai riƙonsa haɗawa da tafasasshen ruwa, da ba shi a kofi. Bulumboti yana da wuyar wankewa, balle inda ruwa sai an saya. In wani ya zo rabon madarar jarirai kyauta ga kowa da kowa, kada ku karɓa ku fara bayarwa, ku sanar da mu. Tun 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar hana tallan irin wannan madara ga iyaye, Ghana kuma ta kafa tata dokar a shekarar 2000. Dalili shi ne, gwangwanin kyauta yana ƙarewa, lokacin kuwa nono ya tafi.

Wannan darasi a garin nan aka fara koyon babban sashensa. A tsakiyar Accra akwai asibitin yara na Princess Marie Louise, yana nan har yau. Wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, ta yi aiki a can. Ta riƙa ganin yara masu kumburin ƙafa, gashi ya yi ja, fata tana saɓulewa. Ta lura yawancinsu an yaye su ne a kan abincin masara kaɗai. Ta rubuta bayanin cutar a 1933, a 1935 kuma ta kira ta da sunan da mutanen Ga ke kiran ta, kwashoko, wato ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane an ture shi daga nono. Da aka mayar da ita aiki Singafo, ta tarar ana shayar da jarirai madara mai zaƙi ta gwangwani suna mutuwa, har ta yi wani jawabi mai zafi a kai a 1939. Shekara fiye da 80 ke nan, amma abubuwa biyun da ta gani, koko tsurarsa da madara mai zaƙi, su ne dai nake gani a wurin awo.

Mu zo kan koko, tunda a Nima da Maamobi gari ba ya wayewa sai da shi. Ba na kushe koko, ni ma da shi na girma. Amma in yaro ya cika wata 6 aka fara ba shi abinci, ku tuna cikinsa ƙarami ne. Ɗan wata 6 zuwa 8, cokali 2 zuwa 3 ake farawa da shi, a kai har rabin kofi, sau 2 ko 3 a rana. Ɗan wata 9 zuwa 11, rabin kofi sau 3 ko 4. Daga shekara ɗaya zuwa biyu, kusan kofi cike, sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa tsakani. Nono kuma yana ci gaba har shekara biyu, kamar yadda addini da asibiti suka haɗu a kai. To wannan ɗan wurin, in kin cika shi da tsararon koko da sukari, kin ba shi ruwa, da hatsin da zai zama gulukos, da ƙarin sukari a kai. Ina abin da zai gina tsoka? Ina abin da zai ƙara jini?

Ga gyaran, kuma ba tsada. Ki yi kokon da kauri, yadda in kin karkata cokali ba zai zuba kamar ruwa ba. Ki raba na yaro kafin a sa yaji da sukari. Maimakon sukarin, ki sa ɗaya ko biyu cikin waɗannan: cokalin markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin ƙananan kifin Keta da kika daka, dafaffen ƙwai, garin waken soya, ƙaramin cokalin manja ko man gyaɗa. In zaƙi kike so, ki murƙushe nunanniyar ayaba ko gwanda a ciki. Akwai kuma garin da asibitocin Ghana suka daɗe suna koya wa iyaye, Weanimix: awo 4 na masara, awo 1 na wake da gyaɗa a haɗe, a soya kowanne sama-sama, a kai inji. Ku tsince gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna ku zubar, guba ce ga hanta. Mata huɗu ko biyar za ku iya haɗa kuɗi ku sayi olonka, ku niƙa tare, ku raba. Tuwo mai laushi da miyar kuka, kuɓewa, zogale ko ganyen gwaza da ake ce wa kontomire, da ɗan kifi a murƙushe, abincin yaro ne tun daga wata 6.

Za ki ce in ba sukari ba ya sha. Gaskiya ne an haifi ɗan Adam da son zaƙi. Amma baki abin da aka saba masa yake nema. Sabon ɗanɗano yakan ɗauki gwaji 8 zuwa 10 kafin yaro ya karɓa, don haka in ya tofar yau, ki sake gobe. Wanda ya riga ya saba, a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan cikin sati biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai abin sha. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari giram 4 ne. Kwalbar lemo ta mililita 300 tana da kusan cokali 8. Lemon kwali mai tsinke da ake saya wa yara, da zoɓo da lamurje da burkina na bakin titi, yawancinsu an cika musu sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015, sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin mutum a rana, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi, wato kusan cokali 6 ga babba. A 2023 ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 2 kada a ba su abin sha mai sukari sam. A wannan shekarar ce gwamnatin Ghana ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan irin waɗannan abubuwan sha. Shayi ma ba na ƙananan yara ba ne, yana hana jiki ɗibar sinadarin ƙarin jini daga abinci. Haƙora kuwa, ba abin da ke cinye su kamar yaro ya kwana da abin zaƙi a baki. Baƙi masu zuwa barka, da baba mai dawowa daga kasuwa: tsarabar ƙwai ɗaya ko lemon ɓawo ta fi alewa da biskit.

Wani zai ce, muna fama da na yau, wa ke ta ciwon tsufa? Ku ji wannan. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, a Ingila da kati ake raba sukari, kamar rabon sansani. An daina a watan Satumba na 1953, nan da nan shan sukari ya kusan ninkawa. A 2024 masu bincike suka duba lafiyar mutum sama da 60,000 da aka haifa kafin da bayan wannan lokaci. Waɗanda suka yi zaman ciki da shekarunsu biyu na farko cikin ƙarancin sukari, haɗarin ciwon sukari a girmansu ya ragu da kusan kashi 35 cikin 100, na hawan jini da kusan kashi 20. Iyayensu suna ganin rashi ne, ashe gata suka yi musu. Ke ma da kike jin kunyar ba ki iya saya wa ɗanki lemon kwali kamar 'ya'yan masu gida, ki daina. Ba abin da ya rasa.

Akwai wuri biyu da sukari yake zama magani, kuma duka biyun da awo ne. Na farko, ruwan gishiri da sukari na gudawa. A hanji, gulukos ne ke jan gishiri ya shiga jiki, ruwa ya bi su. Amma in sukarin ya yi yawa, sai ya juya ya janyo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Shi ya sa lemon kwalba ba maganin gudawa ba ne. Ku karɓi na ƙunshi a asibiti, ku haɗa da daidai ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa biyu ta rabin lita, da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Abin da ya kwana a zubar. A haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, kuma kada a tsayar da nono. Na biyu, abincin gyaɗa na leda da ake ba yara masu tamowa. Akwai sukari a ciki, amma an haɗa shi da madara da mai da bitamin bisa lissafi. Na yaron da aka rubuta wa ne shi kaɗai. Kada a raba da yayyensa, kada a sayar.

Ku kawo yaro asibiti ba jira in kun ga ɗaya cikin waɗannan: ya ƙi nono ko sha, yana amayar da komai, ya suma ko yana jijjiga, jikinsa ya saki, idonsa ya faɗa, akwai jini a bayan gidansa, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura. Na cikin gari, Babban Asibitin Maamobi yana kusa da ku. Na sansani, ku nufi ɗakin shan maganinku. Ku riƙa zuwa awo kowane wata da littafin yaro a hannu, ko lafiyarsa ƙalau. Wadda littafinta ya ɓata a hanya, ta zo a haka, za mu duba shi.

Kafin mu tashi, ku maimaita da ni. Wata 6 nono zalla. Ba zuma sai shekara ɗaya. Ba sukari a abincin yaro sai shekara biyu. Kuɗin sukari ya koma gyaɗa, wake, kifi da ƙwai.

Wadda take da tambayar da ba ta son yi a gaban mutane, ina nan bayan taro, mu keɓe. Allah ya raya mana su, ya sa su ga gida cikin lafiya.